Jakar Magori: Yadda Rediyon Ingila Ya Haɗa Wasa, Barkwanci, Kacici-kacici da Karatu

Wanda duk ya saurari tashar BBC da a ke kira Radio 4 na yini guda, zai ji labarun duniya, sa'an nan wasan kwaikwayo, can a shiga kacici-kacici, da dare kuma wani ya karanta babi ɗaya na littafi. Baƙo ya kan ɗauka jakar magori ce kawai, an zuba kome da kome don a cika lokaci. Wannan takarda tana so ta nuna da gangan aka yi gaurayen, kuma ya yi wa harshen Ingilishi wani aiki wanda masu shirya shi ba su nufa ba.

BBC ta soma magana a Landan cikin watan Nuwamba na 1922, John Reith kuwa shi ya riƙe ta har 1938. Ra'ayinsa shi ne kada a bar mai sauraro da abin da ya ke so kaɗai. Kadan ya zo neman dariya, a sa ya ci karo da lacca ko wasa mai nauyi, ko Allah ya sa ya ɗanɗana ya ji daɗi. A 1924 aka watsa A Comedy of Danger na Richard Hughes, wasan da aka rubuta musamman domin kunne. Marubucin ya sa mutanensa cikin ramin haƙar kwal, fitila ta mutu, watau su ma ba su gani, kamar mai sauraro.

Amma fa Reith yana da wata manufa game da harshe. A 1926 ya kafa kwamitin ba da shawara kan furucin Ingilishi, wanda mawaƙi Robert Bridges ya fara shugabanta, daga baya George Bernard Shaw ya gaje shi. Aikinsu su tsai da yadda masu shela za su furta kalmomi. Lafazin da aka bi kuwa shi ne na masu ilmi na kudancin Ingila, waɗanda ba su da yawa in an gwada da jama'ar ƙasar.

A nan ne labarin Wilfred Pickles ya ke da amfani ga mai nazarin harshe. Mutumin Yorkshire ne, can arewa, kuma bakinsa bai ɓoye asalinsa ba. A 1941, ana tsakiyar yaƙi, aka sa shi karanta labarai. Wasiƙun ƙorafi suka yi ta zuwa, har waɗansu suka ce ba su iya gaskata labari da wannan lafazi. Bai daɗe a kan kujerar ba. To, daga 1946 zuwa 1967 shi wannan Pickles ɗin ne ya riƙa zaga garuruwa da ƙauyuka da shirin kacici-kacici mai suna Have a Go, yana hira da tsofaffi da ma'aikata, yana yi musu tambayoyi masu sauƙi, a ba su ɗan kuɗi. Miliyoyin mutane suka riƙa saurare. Bakin da aka ƙi a wajen labarai shi aka so a wajen raha. A ganina wannan ba ƙaramin rashin adalci ba ne, domin ya koya wa mutane cewa karin harshensu na wasa ne. Duk da haka ta wannan ƙofa ce karin harshen talakawa ya shiga akwatin rediyo, kuma bai sake fita ba.

Haka barkwancin Tommy Handley, mutumin Liverpool, cikin ITMA daga 1939 zuwa rasuwarsa a 1949. Haka kuma The Archers, wasan wani ƙauye na ƙage mai suna Ambridge, wanda aka fara watsa wa ƙasa duka a ran 1 ga Janairu 1951 da shawarar ma'aikatar gona, don a koya wa manoma sababbin dabaru cikin hira. Har yau ana yinsa. Karatun littafi da dare, A Book at Bedtime, a 1949 ya soma, shi kuwa ya tsare wa rubutaccen Ingilishi gurbinsa.

Sau biyu aka rarraba jakar. Bayan yaƙi William Haley ya raba ta uku: Home Service, da Light Programme a 1945 domin nishaɗi, da Third Programme a 1946 domin masu zurfin ilmi. Ya yi fatan mai sauraro zai riƙa hawa daga ƙasa zuwa sama kamar tsani, amma kaɗan ne suka hau. A 1967 aka ba tashoshin lambobi, a 1970 aka ware kiɗa a gefe. Magana iri iri ta taru a Radio 4, gaurayen Reith ya rayu a can ba don an bi ra'ayinsa ba.

Malaman kwalejojin horon malamai za su ga abin bai yi nisa da mu ba. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, rediyon Kaduna ya soma a 1962. Labarai da daidaitacciyar Hausa a ke karanta su, mai tushe a Kananci. Amma Hausar bariki, irin ta soja, a bakin Samanja ta sami shiga, cikin wasan Usman Baba Pategi, kuma dariya a ke yi mata. Mai son rubuta tarihin kare-karen Hausa na wancan zamani ba zai same su cikin takardun labarai ba. Sai ya nemi faya-fayan wasannin, in akwai waɗanda gara da zafi suka bari.