Madaidaicin gani na Crayford

Madaidaicin gani na Crayford wani ɓangare ne na madubin hangen nesa, wanda ke matsar da gilashin ido gaba ko baya har hoto ya fito sarai. John Wall, ɗan Ingila mai sha'awar kallon taurari, shi ya ƙirƙiro shi, aka wallafa bayaninsa a shekarar 1971. Ya samo sunansa daga ƙungiyar Crayford Manor House.

Ba shi da haƙoran giya. Sandar ƙarfe ce ke danne bututunsa a kan boris huɗu, don haka ba ya sako-sako. Shi ya sa masu madubi samfurin Newton kan cire tsohon madaidaicinsu su ɗaura wannan. Sai dai dole tsayinsa ya dace da inda haske ke taruwa, kuma kyamara mai nauyi kan sa bututun ya zame.