Ailan, Garwa da Mahiwa: wa jarida ta rubuta sunansa?

1/ Jama'a ku matso kusa. Zaren yau dogo ne, kan yaƙin duniya na ɗaya da yadda jaridu suka ba da labarinsa. Za mu fara daga Faransa, mu biyo ta Garwa, mu sauka a nan Katsina.

2/ Ranar 1 ga Yuli 1916, a gaɓar kogin Somme, aka busa usur, sojojin Birtaniya suka fito daga ramukansu suka nufi ramukan Jamusawa. Kwana bakwai aka yi ana ruwan igwa kafin ranar, an ce musu waya mai ƙaya ta tsinke, Jamusawa sun ƙare. Ashe suna can ƙarƙashin ƙasa suna jira. Kafin dare, mutum 57,470 sun mutu ko sun ji rauni ko sun ɓace. Matattu kaɗai 19,240. A wuni ɗaya fa.

3/ Cikinsu akwai 'yan Ailan, wadda a lokacin take ƙarƙashin Ingila, kamar mu. Runduna ta 36, ta 'yan Ulster, ta yi asarar fiye da mutum 5,000 cikin kwana biyu. A watan Satumba Runduna ta 16, wadda akasarinta 'yan Katolika ne, ta sha irin wannan wutar a Guillemont da Ginchy.

4/ To me jaridun Landan suka ce washegari? Wai an ci gaba, an kama fursunoni, rana ta yi kyau. Ba don 'yan jaridar ba su da ido ba. Kaɗan ne aka yarda su je bakin daga, sanye da kakin soja, kuma duk abin da suka rubuta sai hafsa ya tace kafin ya tafi. Gaskiyar ta fito ne ta wata ƙofar: jerin sunayen matattu da ƙananan jaridun garuruwa suka riƙa bugawa. A Belfast mutum ya buɗe jarida ya ga rabin samarin layinsu.

5/ Ku riƙe wannan. An ɓoye musu girman asarar, amma an rubuta sunayen 'ya'yansu, wani lokaci har da hoto.

6/ Yanzu mu dawo gida. Agusta 1914, wata bakwai da haɗe Arewa da Kudu, Lugga ya tura Rundunar Nijeriya cikin Kamaru, ƙasar Jamus a lokacin. Wani ayari ya tashi daga Yola ya nufi Garwa a bakin Binuwai. Jamusawa sun riga sun kewaye garin da ganuwa da ramuka da bindiga mai ruwa, wato mashinga.

7/ Wa ke jagorantar ayarin? Laftanar Kanar Percy Maclear, hafsa daga Royal Dublin Fusiliers, rundunar 'yan Ailan. Wa ke bayansa? Galibi Hausawa da Barebari da Fulani da sauran mutanen Arewa, da Yarbawa. Hausa ce harshen bariki, har Turawan ma sai sun koya.

8/ Sun kai hari cikin dare, suka ƙwace ɗaya daga cikin ganuwowin. Gari na wayewa ranar 30 ga Agusta Jamusawa suka dawo da mashinga suka share wurin. Aka kashe Maclear da wasu hafsoshinsa, sauran suka ja da baya zuwa Yola. Kuma ku sani, waɗanda ke harbi daga ɓangaren Jamus su ma baƙar fata ne, da yawansu harshe ɗaya suke ji da waɗanda suke harbi. Wannan wurin yana tsaya mini a rai duk sanda na karanta.

9/ Maclear yana da suna a rubuce, da muƙami, da ranar mutuwa. Ɗan'uwansa Basil, wanda ya buga wa Ailan wasan rugbi, an kashe shi a Beljiyam a 1915, shi ma an san ranar. Sojojin da suka faɗi tare da Percy fa? A rahotanni yawanci adadi ne kawai: 'yan ƙasa kaza. 'Yan dako da suka ɗauki harsasai da abinci a ka kuwa, sau da yawa ko adadin babu.

10/ An koma Garwa a 1915 ƙarƙashin Kanar Cunliffe tare da Faransawa. Wannan karon yaƙin ramuka aka yi sosai, ana haƙa cikin dare ana matsawa kaɗan-kaɗan, aka kuma jawo babbar igwa ta jirgin ruwan yaƙi ta Binuwai. Garwa ta miƙa wuya ranar 10 ga Yuni. A dutsen Mora kuwa Kyaftin von Raben ya riƙe wuta kusan shekara ɗaya da rabi, sai Fabrairu 1916 ya sauko.

11/ Mafi muni yana gaba. An kwashe birged ɗin Nijeriya a jirgin ruwa zuwa Gabashin Afirka, Tanzaniya ta yau. Yunwa da zazzaɓi da atuni sun ci mutane tun kafin a ga abokin gaba. A Mahiwa, 15 zuwa 18 ga Oktoba 1917, von Lettow-Vorbeck ya tare su. Ɓangaren Birtaniya ya shiga da mutum kusan 4,900, ya yi asarar kusan 2,700. Fiye da rabi kenan. Wa ya taɓa jin sunan Mahiwa a ajin tarihi? Ni dai ban ji ba, sai da na girma.

12/ Dalili ɗaya shi ne a lokacin babu jaridar Hausa ko ɗaya. Jaridun Ikko, irin su Lagos Weekly Record da Nigerian Pioneer, da Turanci suke, masu karatunsu can bakin teku. A Katsina zamanin Sarki Muhammadu Dikko ne, an karɓi gudummawar yaƙi daga baitulmalin sarakunan Arewa, an ɗebi mutane. Uwar da ɗanta ya tafi ba ta da shafin da za ta duba. Labari sai daga bakin fatake, ko ranar da wani ya dawo shi kaɗai.

13/ Sai Janairu 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya. Editanta Abubakar Imam, ɗalibin Kwalejin Katsina, wanda ya koyar a Midil ta Katsina kafin Rupert East ya ja shi aikin talifi. Ba a daɗe ba yaƙin Hitila ya ɓarke, jaridar ta zama hanyar da labarin daga ke isa gidajenmu. Kada mu yaudari kanmu, ta gwamnati ce, kuma tana ƙarfafa wa mutane shiga soja. Amma a karon farko ana karanta labarin sojanmu da harshen uwarsa, a zaure, mutum ɗaya na karantawa goma na saurare.

14/ A 1944, shekarar da ya hau gadon sarauta, Sarkin Katsina Usman Nagogo ya je har Indiya da Bama ya gana da sojojin Nijeriya.

15/ A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen rainon Ingila ta fitar da rahoto: aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin farko, akasarinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba, kuma adadin zai iya kai 350,000. Sakataren tsaron Birtaniya, Ben Wallace, ya nemi afuwa a majalisa. Bayan shekara ɗari.

16/ Ga roƙona. In a gidanku akwai tsohuwar lambar yabo ta soja a cikin adaka ko akwatin kaka, ku ɗauko ku duba gefenta. Lambobin Birtaniya na yaƙin 1914 zuwa 1918 ana buga sunan soja da lambarsa da rundunarsa a jikin bakin. Ku ɗauki hoto ku ajiye a ƙarƙashin zaren nan, ku faɗi garinsu da abin da tsofaffi suka ce game da shi. Zan haɗa su wuri ɗaya in sha Allah.