Daga Roadmaster zuwa Boxer: yadda acaba ta faɗa hannun yara a ƙasar Gaya

Kafin babur ya zama abin neman abinci a ƙasar Gaya, abin ado ne. A shekarun 1970, wanda zai shigo Kademi a kan Honda Benly ko Vespa, ko dai malamin makaranta ne, ko malamin gona da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka faɗo wa a 1975, ko ɗan kasuwar da gyaɗa ta yi wa rana. Daga baya Roadmaster ya zo ya zama babur ɗin masu hali. Irin waɗannan ba a ba da aronsu. Yaron gida iyakarsa ya wanke ya goge, in ya taki sa'a a ce ya tura cikin zaure.

Talauci ne ya haifi haya. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida a 1986, Naira ta karye, masana'antun Bompai da Sharaɗa suka fara sallamar ma'aikata, motocin haya suka yi ƙaranci. Magidanta masu babur suka shiga ɗaukar fasinja bayan tashi daga aiki, wasu har suna naɗe fuska don kada a gane su. Waɗannan su ne 'yan acaban farko: manya ne, masu iyali, kuma da guminsu suka sayi abin hawan, don haka suna tattalinsa. Yaron da ke sha'awar sana'ar kuwa ta wurin bakanike yake bi. Sai ya daɗe yana wanke kafireta, yana goge fulogi, yana ɗaure cen, kafin maigidansa ya ce ya gwada babur ɗin da aka gyara zuwa bakin titi ya dawo. Kafin ya fara goyon mutum ya san abin da birki zai iya da abin da ba zai iya ba.

Jincheng ne ya rushe wannan tsari. Babur ne ɗan Sin, kwafin Suzuki AX100, mai arha, mai hayaƙi da ƙara, ga zafin tashi. Ya cika Kano daidai lokacin da siyasa ta dawo a 1999, 'yan takara suka mai da shi kayan rabo. Masu kuɗi suka riƙa saye da yawa suna bai wa matasa, kullum a kawo balas. A nan gudun ganganci na 'yan acaba ya samo asali, duk da cewa mutane sun fi son ɗora laifin a kan ƙuruciya da ƙwaya. Wanda zai fitar da balas, ya sha mai, ya ci abinci, ya kai wani abu gida, a kan babur ɗin da ba nasa ba, ba shi da dalilin lallaɓa shi.

Hukuma ta yi ta kai gwauro ta kai mari. A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta hana 'yan acaba ɗaukar mata, ta kawo keke mai ƙafa uku da har yau ake kira A Daidaita Sahu. Ranar 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta tilasta sa hular kwano. Wasu mahaya a Kano suka kifa ƙwarya a ka, labarin ya zaga duniya, aka yi dariya, dokar ta bi ruwa. Sai harin da aka kai wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero ranar 19 ga Janairun 2013. Cikin 'yan kwanaki gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta haramta acaba. Dalilin tsaro ne, ba haɗari ba, kuma a birni da kewaye dokar ta yi tasiri.

Baburan ba su ɓace ba, gida suka koma. Matasan Gaya da Ajingi da ke cin rani da acaba a birni suka dawo da su, wasu kuma aka saye su da rahusa. Gwanayen da suka samu hali suka koma A Daidaita Sahu a birni, suka bar wa ƙannensu babur. Haka sana'ar ta sauka hannun yaran da ba su taɓa zama gaban bakanike ba.

Zuwa lokacin kuma Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya ya riga ya ture Jincheng. A ido Boxer ba babur ɗin tsere ba ne, amma ga yaro ɗan shekara goma sha huɗu ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Babur ɗin kansa ya haura kilo 100. A ranar kasuwar Kademi za a ɗora masa buhun masara biyu, mai kayan ya haye sama, direban ya matso har kan tanki, in ya tsaya da ƙyar yatsun ƙafarsa ke taɓa ƙasa. A kan kwalta abin yana tafiya lafiya, shi ya sa yaron ke ganin ya iya. Matsalar tana inda burji ya ƙare rairayi ya fara. Tsohon hannu yakan rage giya tun daga nesa, ya riƙe totur daidai wa daida, ya bar kan babur ya nemi hanyarsa. Sabon shiga sai ya shigo da gudu, kan ya fara rawa, ya tsorata ya saki totur gaba ɗaya ko ya danne birki, tayar gaba ta nutse, kaya da mutane su zube. Sau da yawa salansa mai zafi ce ke sauka a ƙaurin fasinja.

A kan titin Wudil zuwa Gaya kuwa lissafin daban ne. Wanda ya ninka gudunsa, tazarar da yake buƙata kafin ya tsaya takan ninka sau huɗu, kuma yawancin yaran tsoron birkin gaba suke yi, sun dogara da na ƙafa kaɗai, wanda shi ne mai rauni. Ranar Juma'a, da motocin shanu ke tururuwa zuwa kasuwar Wudil, akuya ɗaya ta tsallaka titi ta isa ta jawo haɗari. A ƙara da kilisar biki da ta sallah, inda ake ɗaga tayar gaba ana miƙewa tsaye don burge 'yan mata.

Wanda ya karye, gidan mai ɗori ake fara kai shi, don kusa ne kuma da sauƙin kuɗi. Sai ƙafa ta kumbura ta ƙi lafa ake tunanin asibitin ƙashi na Dala. Buguwar kai kuwa ba ta da mai ɗori.

Cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya ƙara dagula lamarin. Fasinja ɗaya ba ya biyan kuɗin mai, sai an haɗa uku ko huɗu, kuma wasu kan kashe inji a gangara don tsimin fetur. Doka ta ce sai ɗan shekara 18 zai karɓi lasin babur, amma a tashar ƙauye tikitin ƙungiya ake tambaya. Dattawan tasha sukan kori yaron da suka ga bai isa ba, su ce ya je ya ƙara girma. Washegari sai uban ya zo da kansa neman alfarma, yana cewa da wannan babur ɗin ake cefanen gidan, kuma mai shi yana jiran balas da yamma.