Takardar da Muke Rufe Lamba da Ita

Ɗan ƙanwata ne ya tsokano ni. Ya tarar da ni ina kakkaɓe ƙurar allon ces ɗin da muka yi shekaru muna shimfiɗawa a zauren gidanmu a Minjibir, ya ce, "Kawu, wace wahala ce ta sa kuke jera wasan injina a kan katako, alhali waya tana faɗa wa mutum wanda zai ci?" Na ce ya jawo tabarma.

Mu ba mu taɓa kiran kanmu masu sharhi ba. Masu kawo motsi ne kawai. Lokacin da Martin Thoresen ya fara gasar injinan ces ta TCEC a 2010, sabis ɗin garinmu sai ka ɗaga waya sama kamar mai duban wata. Kano nake shiga kafe, in sayi awa biyu, in kwafe wasannin a littafin rubutu na 'yan makaranta, in dawo da su da magariba. Haka na kawo karawar Houdini da Rybka ta farkon 2011, wasa arba'in, wadda Houdini ya lashe da 23½ da 16½. A shekarar nan kuma ƙungiyar ICGA ta ƙwace kambunan Rybka bisa zargin kwafar aikin wasu, zaurenmu ya rabu biyu, har wani ya yi sati ba ya gaishe ni.

Da modem ya samu, muka koma kallon kai tsaye, a nan ne Malam ya kafa dokarsa. Tsohon malamin lissafi ne, gwanin dara tun kafin ya san doki yana tsallake. Ya yanko takarda, ya liƙa ta da salatif a gefen kwamfutar, daidai wurin da injinan suke nuna lambar kiyasinsu da jerin motsin da suke hange. Ni kaɗai ke fuskantar kwamfutar, ni ma ban isa in ɗaga takardar ba. Inji ya shiga tunani, minti biyar ko goma, kowa sai ya faɗi abin da zai taka in da shi ne, ya kuma kare kansa. Sannan in karanto motsin, yaro ya matsar da shi a katako. Wanda ya fi kowa shirme a daren, shayi a wuyansa. Malam ya sha saye, bai taɓa musu ba.

Ya kan ce sana'armu tsohuwa ce. Tun gasar injina ta duniya ta farko a Stockholm a 1974, wadda Kaissa ta Tarayyar Sobiyet ta ci, mutum ne ke zama gaban allo yana taka wa inji motsinsa. Yana da wata yankakkiyar jarida ta Mayun 1997, Deep Blue da Kasparov, 3½ da 2½, ta yi ja saboda tsufa. Wasa na biyu ya jera mana ya fi sau ashirin, kullum a wuri ɗaya yake tsayawa, ya ce mu nemo wa Kasparov mafita. Waccan gasar duniya ta injina, ta ICGA, ma an rufe ta a 2024, Malam bai gani ba, Allah ya jiƙansa.

Abin da ke ƙona mini rai da 'yan yanzu: lamba ta ɗan ɗaga ta kai ɗaya da rabi, sai ka ji "an gama", su juya wajen ƙwallo. Ka tambaye su wane soja ne mai rauni, shiru. Ba su san cewa a wasan ƙarshe na TCEC da gangan ake zaɓo buɗe-wasa mai karkata ba, irin wanda Jeroen Noomen ya daɗe yana tsarawa, kowane inji ya buga shi da fari ya buga shi da baƙi. Wanda ya ci nasa ya kuma tsira a ɗayan, shi ne gwani.

Fabrairun 2019 gari na ta hayaniyar zaɓe, mu muna zaure cikin bargo, Stockfish da Leela, wasa ɗari, dare da rana. Stockfish ya sha da ƙyar, 50½ da 49½. Leela ta rama a Mayu, 53½ da 46½. Malam ya ƙaunaci Leela, ya ce wasan dara take yi: ta toshe maka gida ɗaya bayan ɗaya har ka rasa wurin ajiye ƙafa. Amma in ta samu galaba sai ta yi ta jan rai, motsi hamsin ba ta ƙarasa ba, mai janareto yana leƙo mu.

Ɗan ƙanwar tawa ya buɗe littafin da nake rubuta wasannin, ya nuna wani shafi da rubutun ya tsaya a tsakiya, babu sakamako. Mai ne ya ƙare daren nan. Malam ya ce fari ne da nasara, ni na ce kunnen doki ne, muka kai asuba a kai da fitilar waya. Yaron ya zaro wayarsa ya ce minti ɗaya ya ishe shi ya nemo mana. Na karɓe littafina, na ce ya fara jera allon, sarauniya a kan launinta.