Lissafin Da Ya Ƙi Tashi: Tarihin Alƙaluman Cinikin Duniya

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwa ya san abin da mai saye ya biya shi ne abin da mai sayarwa ya karɓa. In Audu ya sayar wa Garba buhun masara, kuɗin da suka bar aljihun Garba su ne suka shiga na Audu, ba ƙari ba ragi. Da a ce haka abin yake tsakanin ƙasashe, da duk ranar da aka tara abin da duniya ta ce ta karɓa, aka tara abin da ta ce ta biya, lissafi zai tashi cif. To bai taɓa tashi ba. A 1982, da aka haɗa littattafan ƙasashe wuri guda, sai aka tarar duniya ta biya kimanin dala biliyan 100 fiye da abin da ta karɓa. Daga tsakiyar shekarun 2000 kuma abin ya juye, ya zama rara ake gani. Shi ya sa masana tattalin arziki ke zolayar juna da cewa wataƙila da mazauna duniyar Mars ake cinikin.

Asalin waɗannan alƙaluma daga teburin kwastan suka fito, kuma har gobe ba su rabu da halin gidansu ba. A 1696 gwamnatin Ingila ta buɗe ofishin Sufeto-Janar na kayan shiga da na fita, ta ɗora William Culliford a kai. Aikinsa shi ne ya tattara bayanan tashoshin jiragen ruwa, ya faɗa wa hukuma ƙasar da Ingila ke cin riba da ita da wadda ke kwashe mata zinariya da azurfa, domin a wancan zamani da haka ake auna ƙarfin ƙasa. Ofishin ya yanka wa kowane irin kaya farashi na hukuma, sai kuma aka bar farashin nan a daskare. Shekaru suka yi ta wucewa, injinan saƙa suka karya farashin yadi, amma littafi na nan da tsohon farashinsa. Kayan da ake shigowa da su Ingila an ci gaba da ƙiyasta su da wannan ma'auni har 1854, wato shekara ɗari da hamsin da ɗoriya.

Da waɗannan littattafai ne wani ɗan Scotland, William Playfair, ya yi abin da ya zama ruwan dare a yau. A 1786 ya wallafa zane-zanen cinikin Ingila da ƙasashe daban-daban: layi ɗaya na kayan shiga, ɗaya na kayan fita, ya shafa launi a tsakaninsu don ido ya ga riba ko giɓi nan take. Da ya zo kan ƙasarsa ta haihuwa sai ya ga alƙaluman shekara ɗaya tak gare shi, ba yadda za a ja layi, sai ya jera sanduna dogaye da gajeru. Zanen sanduna da ɗalibai ke yi a makaranta, ƙarancin bayani ne ya haife shi.

A nan gida kuwa ciniki ya daɗe da bunƙasa, sai dai lissafinsa na hannun madugai da fatake da fatomomi. Da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Kano a farkon 1851, ya yi ta tambaya da kirdado, har ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke saƙawa ta rina ta fitar waje sun kai na wuri miliyan 300 a shekara. Ƙiyasin baƙo ne mai lura, amma har yau marubuta tarihi na jingina da shi.

Shekara biyu bayan haka, a 1853, masanin Beljiyam Adolphe Quetelet ya tara masu ƙididdiga na ƙasashe a Brussels, karon farko da aka yi irin wannan taro. Damuwarsu a fili take. Kowace ƙasa da ma'auninta, da kuɗinta, da yadda take kasa kaya. Wata ta haɗa zare da yadi a layi guda, wata ta raba. Wata tana rubuta ƙasar da aka ƙera kaya, wata kuma tashar da jirgi ya taso. Sai da aka shafe shekara sittin ana kai-komo kafin a amince, a 1913, da jeri guda mai kaya iri 186 a rukuni biyar. Ko tawadar ba ta gama bushewa ba Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Bayan yaƙin, tsohuwar majalisar ƙasashe da ke Geneva ta ɗauki aikin, ta samar da yarjejeniyar ƙididdigar tattalin arziki a 1928, ta kuma riƙa buga alƙaluman ƙasashe kafaɗa da kafaɗa.

Taron Bretton Woods na Yulin 1944, inda wakilan ƙasashe 44 suka kafa Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF, da Bankin Duniya, shi ya mai da miƙa alƙaluma wajibi. Sashe na takwas na yarjejeniyar Asusun ya ɗora wa kowace ƙasa mamba ta riƙa bayyana zinariyarta, da kuɗin wajen da ta ajiye, da cinikinta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: mai ba da bashi yana son sanin abin da ke cikin rumbun mai ci. A Janairun 1948 Asusun ya fara buga mujallar alƙaluman kuɗi ta ƙasashe a kowane wata, a shekarar kuma ya fitar da kundin ƙa'idojin lissafin shige da ficen kuɗi, wanda aka yi ta sabuntawa, bugu na biyar a 1993, na shida a 2009. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da nata tsarin rarraba kaya a 1950. Daga Janairun 1988 kuma kwastan na duniya suka fara komawa kan lambobi shida na bai-ɗaya, masu rukunin kaya sama da 5,000. Lambar shinkafa da 1006 take farawa, ta shanu masu rai da 0102, ko a Apapa, ko a Kwatano, ko a Shanghai.

To, da duk wannan tsari, ina lissafin ke zubewa?

A ɗauki kwantena ɗaya. Ƙasar da ta fitar da ita tana rubuta darajar kayan a bakin tasharta. Wadda ta karɓa kuma takan haɗa da kuɗin dako da inshora, don haka kaya ɗaya ya samu farashi biyu. Jirgin da ya tashi a Disamba ya isa a Janairu ya faɗa shekara biyu. Kayan Sin da suka ratsa ta Hong Kong, Amurka na rubuta su a na Sin, ita kuwa Sin takan rubuta cewa Hong Kong ta sayar wa, abin da ya daɗe yana rura gardama kan girman giɓin da ke tsakaninsu. Tashar Rotterdam tana kumbura cinikin Holan da kayan da wucewa kawai suke yi zuwa Jamus. An ma yi shekarun da Amurka da Birtaniya kowacce ke cewa ita ke da rara a kan 'yar'uwarta. Kwamitin da IMF ta kafa kan giɓin 1982 ya fitar da rahoto a 1987, ya gano cewa babbar ɓarakar tana wajen kuɗin ruwa da ribar jari: mai biya yana rubutawa, mai karɓa yana yin gum saboda haraji. Tun 1950 Oskar Morgenstern ya rubuta littafi guda kan irin waɗannan kura-kurai, yana mamakin yadda ake kawo alƙaluma har da ɗigo alhali tushensu na rawa.

Wannan galibi kuskure ne na aiki. Akwai kuma na ganganci, kuma shi ya fi tsada. A 1994 Meziko ta riƙa jinkirta bayyana yadda ajiyarta ta kuɗin waje ke zurarewa, sai da kuɗinta ya faɗi a Disamba masu zuba jari suka farga. Wannan ya sa IMF ta kafa ƙa'idar wallafa bayanai a kan lokaci a 1996. A ƙarshen 2009 sabuwar gwamnatin Girka ta ce giɓin kasafin ƙasar ya haura kashi 12 cikin ɗari, ninkin abin da aka faɗa a baya, daga bisani ya tabbata ya wuce 15. Abin takaici, Andreas Georgiou, wanda aka kawo ya shugabanci hukumar ƙididdiga ya kuma fitar da adadin da Tarayyar Turai ta amince da shi, shi ne ya ƙare yana zaryar kotu shekara da shekaru. Ajantina kuwa a 2013 ta zama ƙasa ta farko da IMF ta tsawatar wa a hukumance kan alƙaluman hauhawar farashi.

Namu ya fi kama da rashin gani. A Afrilun 2014 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, ƙarƙashin Yemi Kale, ta sauya shekarar ma'auni daga 1990 zuwa 2010, sai tattalin arzikin Najeriya ya tashi daga kimanin dala biliyan 270 zuwa 510 a rana ɗaya, ta sha gaban Afirka ta Kudu. Ba wanda ya wayi gari da ƙarin ko sisi. Wayar salula da fina-finai da sauran sana'o'in da tsohon ma'auni bai san da su ba ne aka shigar.

A kan iyaka abin ya fi fitowa fili. A 2017 da 2018 Jamhuriyar Benin, mai mutane kimanin miliyan 11, tana sahun gaba cikin masu sayen shinkafar Thailand a duniya. Kowa ya san tukunyar da shinkafar ke ƙarewa. A littafin Thailand an sayar wa Benin, a littafin Benin an shigo da ita, a na Najeriya kuwa shiru, alhali tana jibge a kasuwanninmu, an shigo da ita a bayan babura da cikin tsofaffin motocin da aka cire wa kujeru. Wannan na cikin dalilan rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020.

Ko a je karar Maigatari ranar Alhamis. Shanu da raƙuma da tumaki sun kwana suna tahowa daga Nijar, wasu ta ƙofa, wasu ta burtali. Dillali ya kama hannun mai saye, a yi tayi, a yi albarka, a sallama, a ƙirga kuɗi, la'ada ta fita, yamma na yi tireloli sun ɗau hanyar kudu. Masu dawowa kuma su juya da masara da gero da kayan masarufi. Cinikin ƙasa da ƙasa ne cikakke, kuma ana yin irinsa a Illela da Jibiya da sauran kasuwannin da ke bin iyakar nan mai tsawon kusan kilomita 1,500. Kaɗan ne daga ciki ke samun lamba 0102. Saboda haka duk lokacin da aka ce cinikin ƙasashen Afirka da junansu bai kai kashi 20 cikin ɗari na cinikinsu ba, ni dai nakan ɗauka ana nufin wanda ya bi ta gaban teburin kwastan. Illar ita ce da wannan adadi ake tsara manufa, da shi ake yanke shawarar inda za a shimfiɗa titi da ranar da za a rufe boda.

Gyaran ba gagara-badau ba ne, don wasu sun yi. Tun 1990 Amurka da Kanada suka daina dogaro da nasu lissafin kayan da suke aika wa juna, kowacce tana karɓar alƙaluman shigo da kaya na maƙwabciyarta ta mai da su nata na fitarwa, tunda kwastan ya fi sa ido kan abin da zai karɓi kuɗin fito a kai. Yuganda kuma tun tsakiyar shekarun 2000 hukumar ƙididdigarta da babban bankinta ke tura ma'aikata bakin iyaka da takarda da biro, suna ƙirga buhu da kwando da dabba, ba tare da sun karɓi ko kwabo ba. Ya kamata hukumomin ƙididdiga na Abuja da Yamai su yi koyi da wannan, su zaunar da masu ƙirga a Maigatari da Illela da Jibiya ranakun kasuwa, su kuma raba su da masu karɓar haraji, domin ba ɗan kasuwar da zai faɗi adadin shanunsa ga mai riƙe da rasit.