3.2 Mazaɓar Ɗan Majalisar Dattawa ta Kano ta Tsakiya, 1999-2023

Jihar Kano, kamar sauran jihohin ƙasar nan, tana da mazaɓun majalisar dattawa guda uku, wato Kano ta Arewa da Kano ta Kudu da kuma Kano ta Tsakiya. Daga cikin ƙananan hukumomi 44 na jihar, 15 ne suka faɗo cikin Kano ta Tsakiya. Akwai na birni da kewaye irin su Dala da Gwale da Fagge da Tarauni da Nasarawa, sannan akwai na karkara irin su Kura da Madobi da Gezawa.

Abin da ya fi jan hankali a tarihin wannan mazaɓa shi ne, daga 1999 zuwa 2023 ba a sami wanda ya hau kujerarta sau biyu a jere ba. Ibrahim Kura Muhammad na PDP ne ya fara a 1999. A 2003 Rufa'i Sani Hanga na ANPP ya karɓa, a 2007 kuma Muhammad Adamu Bello, shi ma na ANPP, sai Bashir Garba Lado na PDP a 2011. Idan aka kwatanta da Kano ta Kudu, inda Kabiru Gaya ya riƙe kujera tun daga 2007 har 2023, za a ga bambancin a fili.

Haka kuma, a dukkan zaɓuɓɓukan nan bakwai, jam'iyyar da ta ci wannan kujera ita ce ta kafa gwamnati a jihar. Sai dai bai kamata a ɗora wannan kacokan a kan siyasar cikin gida ba, domin a 2015 da 2019 rana ɗaya aka yi zaɓen majalisar dattawa da na shugaban ƙasa, kuma babu shakka farin jinin Muhammadu Buhari a Kano ya taimaki 'yan takarar APC.

Daga 2015 kujerar ta koma hannun tsofaffin gwamnoni. Rabi'u Musa Kwankwaso, ɗan ƙaramar hukumar Madobi, ya kayar da Lado a ƙarƙashin APC, bayan ya nemi takarar shugaban ƙasa bai samu ba. A 2018 ya koma PDP. Shi kuwa abokin hamayyarsa, Malam Ibrahim Shekarau, a wannan shekarar ya bar PDP ya shiga APC, ya kuma ci kujerar a 2019.

Zaɓen 2023 ya fi kowane sarƙaƙiya. A watan Mayu na 2022 Shekarau ya shiga NNPP, jam'iyyar da Kwankwaso yake jagoranta, aka ba shi takara. Tafiyar ba ta yi nisa ba, domin a watan Agusta ya fice zuwa PDP. NNPP ta maye gurbinsa da Rufa'i Hanga, amma hukumar zaɓe ta INEC ta ƙi sauya sunan. Saboda haka, da NNPP ta yi nasara ranar 25 ga Fabrairu, 2023, sai hukumar ta bayyana Shekarau a matsayin wanda ya ci, alhali ya bar jam'iyyar wata shida da suka wuce. A nan ana iya cewa jam'iyya aka zaɓa, ba sunan da yake rubuce a takardun hukuma ba. A watan Maris Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa Hanga ne halattaccen ɗan takarar NNPP, aka rantsar da shi a watan Yuni, shekara ashirin bayan zuwansa majalisar na farko.