Baitulmalin En'e da Tambayar Wa Ake Yi Wa Lissafi

Kafin zuwan Turawa, kuɗin ƙasa da jangali da zakka duk a hannun sarki suke tsayawa, bayan dagaci da jakada da hakimi kowa ya ɗebi rabonsa a hanya. Daga nan sarki yake ciyar da bayinsa da baƙinsa, ya tufatar da malamai, ya sayi dawaki. Babu wata iyaka bayyananniya tsakanin aljihun sarki da taskar jama'a, ko da yake shugabannin jihadi sun yi rubutu mai yawa a kan haƙƙin baitulmali. Dokar haraji da Gwamna Lugga ya kafa a 1906 ta haɗe waɗannan kuɗaɗe wuri guda, aka riƙa raba su biyu, rabi na Gwamnati, rabi na sarki da mutanensa. Amma yadda sarki zai kashe nasa rabin, wannan ba a rubuta shi a ko'ina ba.

A Katsina aka fara sauya wannan tsari, zamanin Sarki Muhammadu Dikko da Razdan H. R. Palmer. Dabarar ita ce a zuba rabon En'e a taska ɗaya ƙarƙashin Ma'aji, a yanka wa sarki albashi, a yanka wa hakimai da alƙalai da dogarai nasu, tarar kotu ita ma ta shiga taskar, abin da ya rage a yi aikin gari da shi. A 1911, lokacin Gwamna Hesketh Bell, aka yaɗa tsarin zuwa sauran manyan masarautu. Da Lugga ya dawo a 1912 bai ji daɗin abin da ya tarar ba, domin yana ganin kuɗin ya kamata su shiga ƙiyasin Gwamnati. Ya yi ƙoƙarin janyo su, Ofishin Mulkin Mallaka na London bai goya masa baya ba.

Ba a musun cewa tsarin ya yi aiki. A ƙarshen shekarun 1920 an ɗaga rabon manyan baitulmalai zuwa kashi 70 cikin ɗari, kuma da irin wannan kuɗi En'en Kano ta ja ruwan famfo daga Chalawa, ta sa wutar lantarki a farkon shekarun 1930. Rarar da aka tara akan ajiye ta a Ingila ta yi ta haihuwa. Littattafan kuwa ana riƙe su da tsanani: kowace shekara a tsara ƙiyasin shiga da fita, Razdan ya duba, a aika Kaduna a amince, Di'o ya faɗo ba sanarwa ya ƙirga abin da ke cikin akwati. A 1947 har makaranta aka buɗe a Zariya don koyar da malaman En'e aikin ofis da lissafi, wadda daga baya ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Kongo.

Sai dai duk wannan lissafi sama yake kallo. Dagaci ya yi wa hakimi bayani, hakimi ya yi wa Ma'aji da sarki, su kuma su yi wa Razdan. Manomin da ya sayar da gyaɗarsa ko akuyarsa ya biya, iyakar abin da ya sani shi ne 'yar takardar da aka miƙa masa, wadda sau da yawa ba ya iya karanta ta, amma yana ɓoyonta kamar laya, don ita ce kariyarsa idan ɗan doka ya tare shi a hanyar kasuwa. Nawa aka tara a gundumarsa, nawa ya dawo a rijiya ko ɗakin shan magani, ba a yi tanadin ya sani ba. Ɓarnar da ta fi cin talaka kuma tana aukuwa ne tun kafin kuɗi su kai littafi: a ɗora masa fiye da abin da aka yanka, a karɓi jangalin shanun da ba a rubuta ba, a nemi gaisuwa. Mai binciken da ya zo daga Kaduna yana iya samun littafi ya daidaita har kwabo, alhali ƙauyen an tatse shi.

Wannan giɓi na cikin abin da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya taɓo a watan Agusta na 1950, sa'ad da ya kawo ƙudurinsa na gyara En'e a Majalisar Kaduna, yana kukan cewa ba a damawa da jama'a a sha'anin mulkinsu. A cikin watan ne kuma aka kafa NEPU a Kano, wadda ta mayar da zancen haraji abin wa'azi a kasuwanni. Gyaran da ya biyo baya, har zuwa Dokar En'e ta 1954, ya ɗaure sarki da majalisarsa, ya kuma kawo majalisun gari da na gunduma masu ɗan kuɗin kashewa. Amma mabuɗin taska bai bar fada ba, kuma ikon bincike ya tashi ne daga hannun Razdan ya koma hannun minista.

Lissafin da manya kaɗai ke gani yana saurin zama makami. Sardauna Ahmadu Bello ya ɗanɗana haka da kansa a 1943, yana aiki a Gusau, aka tuhume shi da cin kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi, sai da ya ɗaukaka ƙara a Zariya aka wanke shi. Bayan shekara 19, yana Firimiya, gwamnatinsa ta naɗa D. J. M. Muffett a 1962 ya binciki kuɗin En'en Kano, wadda ta fi kowace arziki a Arewa. A watan Maris na 1963 Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus, aka kai shi Azare. Gwamnati ta ce harkar kuɗin En'e ce ta lalace. Kanawa da yawa suka ce gabar da ke tsakanin Sarki da Firimiya ce ta fito fili, har magoya bayan Sarkin suka kafa jam'iyyarsu. Mai yiwuwa ne kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. Abin lura shi ne ba a buga rahoton Muffett don jama'a su karanta ba, saboda haka mutanen da aka yi binciken a kan harajinsu ba su sami abin da za su auna zancen da shi ba, sai jita-jita.

Gyaran 1976 ya shafe En'e, ya kafa ƙananan hukumomi masu samun kaso daga asusun Tarayya. A 1979 gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, talakawa suka yi murna, kuma sun cancanci yin ta. Amma da tafiyar takardar haraji, ɗan zaren da ya haɗa aljihun mutumin gari da taskar hukumarsa ya tsinke. Kuɗin yanzu na man fetur ne, daga nesa suke zuwa, kuma tsarin mulkin 1999 ya bi da su ta asusun haɗin gwiwa na jiha. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Wanda ya shigar da ƙarar Babban Lauyan Tarayya ne, waɗanda aka yi ƙara kuma jihohi 36.